Wa Zai Tsaya A Ɗakin Haihuwa?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk lokacin da wani Gwamna ya buɗe sabon asibiti a jihohin Arewa, za ka ji ana lissafin gadaje da injuna da miliyoyin da aka kashe. Da wuya ka ji an faɗi yawan unguwarzoma da za su kwana a ɗakin haihuwa, alhali kuwa a nan ne maganar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na haihuwa aka yi a hannun ƙwararru, a Arewa maso Yamma kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Ga waɗanda suke tsammanin aikin bai wuce karɓar jariri da yanke cibiya ba, bari mu duba. Idan naƙuda ta kama gadan-gadan, unguwarzoma za ta riƙa sauraron bugun zuciyar ɗan da ke ciki kamar kowane rabin awa, ta duba buɗewar bakin mahaifa kamar kowane awa 4, ta auna jinin uwa, ta rubuta komai a takardar lura da naƙuda. Daga wannan takarda ce take gane naƙuda ta tsaya, ta kira likita ko ta tura mace babban asibiti tun da sauran lokaci. Jariri na faɗowa, cikin minti ɗaya ake son a yi wa uwa allurar oksitosin domin mahaifa ta tsuke. Idan jinin da ya zuba ya kai rabin lita, an shiga haɗari. Idan jijjiga ta zo, sai allurar maganiziyam salfet nan take. To, ku gaya mini, yaya mace ɗaya za ta yi wa mata biyar ko shida wannan hidima a dare ɗaya, wani lokacin ma da fitilar wayarta a baki? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ilmin abin ba shi muka rasa ba. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, suka nuna cewa matan da ba su je awon ciki ba, sai an kawo su a makare, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. A 2023 kuma aka bayyana sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a nan gida. An ga cewa idan aka shimfiɗa leda mai ma'auni aka auna jinin da ke zuba, sannan aka haɗa magunguna gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba, mummunan zubar jini yana raguwa da kashi 60 cikin 100. Amma leda ba ta karanta kanta. Sai da mai tsayawa a kanta.

Yanzu mu koma ga yarinyar da ta gama sakandare tana tambaya ko ta shiga wannan aiki. An daɗe ana yin shekara 3 a makarantar unguwarzoma, ko kuwa wadda ta riga ta zama nas ta ƙara wata 18, kafin ta ci jarrabawar Majalisar Ma'aikatan Jinya da Unguwarzoma, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa. Shawarata gare ta ita ce ta shiga, kuma ta yi ƙoƙarin haɗa takardun biyu, domin a asibitin karkara ba a tambayar wane fanni kika karanta. Sai dai abin da yake jiranta shi ne matsalar. Da zarar ta ƙware, hanyar ƙarin girma ɗaya ce, watau ta bar gefen gado ta koma ofis tana tsara jerin masu aikin dare. Wadda ba ta samu haka ba sai ta nemi asibitin Tarayya, ko Abuja da Legas, ko Ingila da Saudiyya. A Fabrairun 2024 shugaban Majalisar ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3, aka kuma fito da sharaɗin sai mutum ya yi aikin shekara 2 kafin a tantance masa takardun fita. Ma'aikatan suka yi zanga-zanga. A ganina toshe ƙofa ba ya hana mai yunwa neman taga.

Mun kuma ga abin da ya faru da shirin tura unguwarzoma karkara na 2009. Tunanin mai kyau ne: an ɗebi sababbi da waɗanda suka yi ritaya, aka raba nauyin biyansu tsakanin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Da jihohi da ƙananan hukumomi da yawa suka kasa cika alkawarin alawus da masauki, sai matan suka tattara kayansu.

Ga abin da nake ganin ya kamata a yi. Na ɗaya, kada a sake buɗe ɗakin haihuwa sai an tanadi waɗanda za su riƙe shi dare da rana, da ruwa da wuta da masauki mai tsaro. Na biyu, a buɗe wa ƙwararriyar unguwarzoma hanyar hawa matakin albashi tana nan a ɗakin haihuwa, tana koyar da ƙanana. Na uku, a nemo 'yan mata daga ƙauyukan da ake bukata a horar da su, kamar yadda aka gwada daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, inda aka riƙa ba su share fage na kimiyya kafin su shiga makaranta. 'Yar gari ba ta gudun garinsu. Tiyatar haihuwa kyauta da Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwarta a Nuwamban 2024 ma ba za ta amfani kowa ba idan babu mai gane cewa lokacin tiyata ya yi.

Ku ma 'yan'uwa unguwarzoma, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tsawa da zagi da marin mace mai naƙuda sun kori mata da yawa daga asibiti, kuma gajiya ba hujja ba ce. Mu kuwa magidanta, mu bar wa iyalinmu izini da kuɗin mota tun ciki yana wata 7, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Masu zuwa a yi musu aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina, yawancinsu doguwar naƙuda a gida ce ta kai su can.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya kuma ba shugabanninmu ikon ji.