Darasin Garki ga Ɗakunan Agajin Gaggawa na Jigawa

Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki da ke cikin Jihar Jigawa ta yau, inda aka riƙa ɗibar jinin mazauna, ana ƙirga sauro, ana rubuta abin da feshin magani da rabon ƙwayoyi suka haifar. Da waɗannan alƙaluma aka gwada tsarin lissafin yaɗuwar cutar da Dietz da Molineaux da Thomas suka wallafa a 1974, wanda masana ke komawa gare shi har yau.

Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da za a kai irin wannan hikima ɗakunan agajin gaggawa. Abin da ake kira kwaikwayon kwamfuta shi ne a gina siffar asibiti a cikin na'ura, da gadajensa da likitocinsa da ma'aikatan jinyarsa, sannan a turo mata marasa lafiya na ƙiyasi domin a ga inda layi zai cushe idan an ƙara ma'aikaci ɗaya a aikin dare ko an matso da ma'ajiyar jini kusa, ba tare da an yi gwaji da ran kowa ba. Sai dai na'urar ba ta san komai ba face abin da aka ba ta, wato lokacin da majinyaci ya iso, da lokacin da aka yanka masa kati, da lokacin da likita ya duba shi, da lokacin da jini ko iskar oksijin ta samu. Rajistar da ta ɗauki suna da ciwo amma ta bar sa'a ba za ta ciyar da wannan aiki ba.

Fashewar tankar mai a Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, ta nuna cewa rarraba masu ƙuna tsakanin asibitocin Ringim da Haɗeja da Dutse shawara ce da ya kamata a gwada tun kafin ranar tashin hankali, haka ma cunkoson yara masu zazzaɓi da kowace damina ke kawowa.

Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa ta wajabta rubuta lokaci a kowane mataki na karɓar majinyaci, ta kuma haɗa hannu da masana lissafi na Jami'ar Tarayya ta Dutse domin sarrafa bayanan, bisa sharaɗin a sakaya sunayen marasa lafiya.