Jirgin Da Ba Ya Kawo Labari, Kada A Ba Shi Gona

A wasu manyan garuruwa yanzu, in la'asar ta yi sanyi, akan ga samari a filin ƙwallo sun ɗaga kai sama. Ɗaya daga cikinsu yana riƙe da ɗan akwati mai 'yan sanduna biyu, yana tuƙa wani ɗan jirgin sama da bai fi shaho girma ba. Dattawa su zo wucewa, su girgiza kai, su ce wasan banza. To, wasa ne kam, amma a cikinsa akwai abin da ya shafi rumbun manomi. Gama ɗan jirgin nan shi ne ƙanen jirgin feshi marar matuƙi, wanda aka fara kawowa gonakin shinkafa da na masara ana cewa manoma su yi haya. Wanda zai biya kuɗi a yi masa feshi ya kamata ya san abu guda game da jiragen nan kafin ya kwance bakin jakarsa.

Tuƙa abu daga nesa da rediyo ba yau aka fara ba. A 1898 wani masani mai suna Nikola Tesla ya nuna wa mutanen birnin New York na Amurka ɗan jirgin ruwa yana kai da komowa a cikin tafki, ba igiya ba matuƙi. Daga baya masu sha'awa suka mai da hikimar kan 'yan jiragen sama. Amma shekaru da yawa jiragen nan sai ka ce ɗan aike bebe: yana jin abin da aka ce masa, ya tafi, amma ba ya iya faɗin abin da ya tarar. Mai tuƙi ba ya sanin batir ya kusa ƙarewa sai ya ga jirginsa ya sulalo ya fashe a ƙasa. Wajen 2005 aka fito da sabbin akwatunan tuƙi masu aiki da zangon 2.4 GHz. Ba a daɗe ba kamfanoni irin su Futaba da Spektrum da FrSky suka sa jirgin ma ya riƙa mai da magana. Wannan shi ake kira telemetiri, watau a yi awo a can nesa, labarin awon ya iso hannun mutum nan take.

Ga yadda abin yake. Akan liƙa wa jirgin 'yan ma'aunai ƙanana, wasu ba su fi ƙwayar gyaɗa nauyi ba, kowanne da aikinsa. Na farko mai tsaron batir ne. Irin batirin da jiragen nan ke ɗauka ɗaki-ɗaki ne, kowane ɗaki in ya cika yana da bolt 4.2, in kuwa aka bari ya sauka ƙasa da 3 ya lalace ke nan. Saboda haka masu hankali sukan gyara akwatinsu ya yi kuka tun ƙarfin yana wajen 3.5, su sauko da jirgi da sauran kashi ɗaya cikin biyar na wutarsa. Na biyu mai auna tsawo ne, yana ganewa daga nauyin iska, don iska tana rage nauyi in ana yin sama. Masu jirgin da ba shi da inji suna da irinsa mai fito: in muryar ta yi sama, jirgin ya faɗa cikin iskan nan mai zafi da shirwa ke hawa tana shawagi ba ta kaɗa fiffike. Na uku yana jin taurarin ɗan Adam na GPS, ya faɗi inda jirgi yake da saurin da yake yi. Akwai mai auna zafin inji, akwai kuma mai faɗin ko muryar rediyon ta fara raunana saboda nisa. Duk labarin nan yana fitowa a fuskar akwatin, wasu akwatunan ma da murya suke faɗa, don kada mai tuƙi ya ɗauke idonsa daga sama.

Mutanen Japan ne suka fara kai abin gona da gaske. Manomansu sun tsufa, samari sun tafi birni, shinkafa kuwa tana bukatar feshi. A 1987 kamfanin Yamaha ya fito da ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, R-50, wanda ake tuƙawa daga kunyar gona, a 1997 kuma ya fito da RMAX. A 2015 kamfanin DJI na ƙasar Sin ya fito da Agras MG-1 mai ɗaukar lita 10, a 2022 ya yi T40 mai ɗaukar lita 40. Manyan nan suna ɗauke da duk ma'aunan ƙanensu, da ƙari. Suna da abin da ke riƙe su mita biyu ko uku bisa kan shuka, da mai ƙirga maganin da ke fita, da mai faɗin abin da ya rage a tanki. In an gama, taswirar gonar tana fitowa a fuskar akwatin, ana ganin layin da jirgi ya bi da inda ya tsallake.

To, ga inda maganar ta shafi manomi. Mai feshi da famfon goyo yakan zuba ruwan magani lita 200 ko fiye a hekta guda, kuma mai gona yana biye da shi, yana ganin ganye ya jiƙe. Jirgi kuwa lita 10 zuwa 20 yakan zuba a hekta, maganin da kauri, ɗigon ƙanana. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne a bakin rumbu, amma ba a nan ba. Mutum yana tsaye a gefen gona, jirgi ya wuce fuu da ƙara, ba idon da zai ce lita 15 ta sauka ko 9. In jirgin ya yi sauri da yawa, magani ya gaza, tsutsar masarar nan da ta shigo Nijeriya a 2016 ta ci gaba da cin zuciyar shuka, ga kuɗi an biya. In ya yi sama da yawa, iska ta kwashi maganin ta kai shi kan kayan miyar maƙwabci, ko amyar zuma, ko rijiyar da ake sha. In batir ya mutu a sama, jirgi mai nauyin buhun hatsi ya faɗo da guba a cikinsa.

Don haka ga shawara. Duk manomin da zai ɗauki hayar jirgi, tun kafin a tashi a yi magana a gaban shaidu: hekta nawa, lita nawa a kowace hekta. In an gama ya ce a nuna masa fuskar akwatin. In an yi ciniki a kan hekta 4, lita 15 kowace, lalle ya ga lita 60 ta fita, ya ga layukan sun rufe gonar ba giɓi. In 40 ya gani, to, ba a cika masa mudu ba, kada ya cika kuɗi. Wanda bai iya karatu ba ya zo da ɗansa ɗan makaranta ko malamin gona. Mai jirgin da ke da gaskiya ba zai ji zafin wannan ba, don shaidar tana kare shi ne ran da aka zarge shi. Wanda ya ce akwatinsa ba ya nunawa, ko ya ɓata rai don an tambaya, a sallame shi da girma da arziki. A kuma tambaye shi takardarsa, gama tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Nijeriya ta hana tashin jirgi marar matuƙi sai da izini.

Wani zai ce ai na'ura ma tana kuskure. Haka ne. Ma'auni ba ya sanin ko maganin da aka zuba a tanki na jabu ne. Ba ya ganin yaron da ya shigo gona da awaki. In mai jirgi bai wanke bakin famfo ba, ko bai gyara ma'aunin ruwan ba, lissafi zai karkace. Zafin bazara kuma yana gajiyar da batir da wuri, yana busar da ɗigon magani tun bai kai ganye ba, shi ya sa feshin safe ko na yamma, sa'ad da iska ta kwanta, ya fi. Amma duk wannan bai sa a jefar da ma'auni ba. Ba a fasa awo a kasuwa don an taɓa kama mai mudun algus.

Saura maganar samarin filin ƙwallo. Jirgin feshi kuɗinsa ya fi ƙarfin manomi ɗaya, sai dai ƙungiya ta haɗa hannu. Ran da ƙungiya ta saya kuwa, wa zai tuƙa? In ba ɗan gari da ya iya, sai a ɗauko baƙo a biya shi abin da ya yanka, in abu ya ɓaci a jira shi har shuka ta lalace. Yaron da ya koyi sauraron kukan batir a kan ɗan jirgin soso mai araha, ya fasa biyu ko uku ya gyara da hannunsa, ya san ba a raina gargaɗi, shi ne zai riƙe jirgin ƙungiya da amana. Ya kamata makarantun koyon aikin gona su sa wannan cikin darasi, su fara da ƙananan jirage masu ma'aunai. Iyaye kuma, maimakon faɗa, su tambayi yaro abin da lambobin nan na fuskar akwatinsa ke nufi. In ya iya bayani, ba wasan banza yake yi ba.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya tsare amfanin gona daga ƙwari da masu tauye mudu, amin.