Wasan Kwalekwale Ba Na Ranar Biki Kaɗai Ba Ne

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu ya san irin sowar da kan tashi a bakin kogin Matan Fada idan aka zo wasan Kabanci, samari suka jera kwalekwale, filafilai suna tsaga ruwa kamar da hannu ɗaya ake sarrafa su. Haka abin yake a bikin Rigata na Yawuri da tseren jirage na Patigi. Amma da an watse, shi ke nan, sai kuma wani bikin. Kwalekwale ya koma ɗaukar buhunan hatsi da 'yan kasuwa, gwanayen tuƙi kuwa ba mai sake jin ɗuriyarsu.

Alhali kuwa ƙasar nan ba baƙuwar kwalekwale ba ce. A shekarar 1987 wani Bafillatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani jirgin itace wanda tsawonsa ya haura mita 8. Masana suka auna, suka tarar ya kai kimanin shekara 8,000, watau babu wanda ya girme shi cikin jiragen da aka tono a Afirka. Shi kuwa wasan da Turawa ke yi na jiya-jiya ne. Wani mutumin Birtaniya, John MacGregor, ya ga irin siririn jirgin nan na mutanen ƙasashen ƙanƙara da ake kira kayak, ya sa aka sassaƙa masa makamancinsa, ya ratsa kogunan Turai da shi a 1865. A 1866 ya kafa kulob na masu tuƙi a bakin kogin Thames, kuma tun daga 1936 tseren yake cikin wasannin Olamfik.

Abin da ya raba tsakani shi ne su can shekara suke yi suna abu ɗaya. Da sanyi, lokacin da ruwa kan sandarar da mutum cikin 'yan mintoci, sababbin shiga sukan koma kwamin wanka na cikin gini, ana kife musu jirgi da gangan, suna koyon fita ba tare da firgita ba. Da lokacin Ista ya zo sai a yi dogon tseren nan na mil 125 daga garin Devizes zuwa Westminster. Da zafi ya shigo a fita yawo da yara da mata, kowa da rigar ruwa a jikinsa. Kowane wata da darasinsa.

To, kogin Kwara ma yana da nasa watannin, kuma Sarkawa da Gungawan ƙasar Yawuri sun san su kamar yunwar cikinsu. Sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, ruwan saman yankin nan ke kawo ta, tana kaiwa ƙarshen ƙarfinta wajen watan Satumba. Ruwan yakan zo a gurɓace, ɗauke da laka da itatuwa, ga gudu, shi ya sa masana ke kiransa farin ruwa. Cika ta biyu kuwa abin mamaki ce ga baƙo, domin da hunturu take zuwa, sa'ad da ko ɗigo ba ya sauka. Ruwan da aka yi ne a tsaunukan ƙasar Gini, ya bazu cikin fadamun ƙasar Mali, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, ya zubar da lakarsa a can, sa'an nan ya iso Nijeriya garau daga wajen Disamba. Shi ake kira baƙin ruwa. Da bazara kuma ruwa ya ja baya, yashi da duwatsu su fito, iskar hadarin farko ta riƙa tasowa ba sallama. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 aka ƙara wani haɗarin, domin itatuwan da tafkin ya haɗiye sun bar kututtura a ƙarƙashin ruwa, suna jiran jirgin da bai san hanya ba.

Wannan ilmi ba a rubuce yake ba. Yana kan dattawa, ɗa ya gada wurin uba. Injin kuwa ya zo ya sauƙaƙa tuƙi, har wanda bai san halin kogi ba yana iya loda mutane ya kama hanya. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayu na 2021 jirgi ya tsage a kusa da Wara cikin Jihar Kebbi, mutane masu yawa suka halaka. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna komowa daga ɗaurin aure da dare. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda ke da hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Amma doka ba ta koya wa kowa iyo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne kulob yake da amfani. Ba sai an jira kuɗi daga Abuja ba. Kwalekwale huɗu ko biyar, da rigunan ruwa, da dattijo guda daga cikin mutanen Sarkin Ruwa sun isa a fara a Yawuri ko Argungu ko Jebba ko Ibi. Da rani, lokacin da ruwa ya kwanta, a koya wa 'yan makaranta iyo da riƙon filafili da yadda ake ceton wanda ya nutse. Da damina ta kankama a tsaya a tudu, a koyi karanta hadari da gyaran jirgi. Da kaka da hunturu a shirya tsere tsakanin unguwanni da garuruwa, har ranar biki ta zo ta tarar da su a shirye.

Kada a ce abin ya fi ƙarfin ɗan ƙasa. Jonathan Akinyemi ya wakilci Nijeriya a wasan kwalekwale a Olamfik na Landan a 2012, Ayomide Bello kuma ta bi sahu a Tokyo a 2021. Yaron da ya tashi yana tuƙi tun bai kai shekara goma ba a tsibiran Yawuri, me zai hana shi? Ko da bai ciyo lambar zinariya ba, in ya girma ya zama direban jirgin da ya ƙi ƙara mutum ɗaya bisa ƙima, ya ƙi tashi bayan magariba, ai an ci riba.

Saura ga sarakuna da ƙananan hukumomi da shugabannin makarantu na bakin kogi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya kiyaye matafiya, na tudu da na ruwa.