Labanan: Kujerun majalisa babu kowa, kuɗin jama'a na kulle a banki

Ranar 31 ga watan Yulin 2025 majalisar dokokin Labanan ta zartar da dokar sake fasalin bankunan ƙasar. Shekara biyar da wata tara ke nan tun daga watan Oktoban 2019, lokacin da bankunan suka rufe ƙofa na kusan mako biyu, suka sake buɗewa da sabuwar ƙa'idar da babu wata doka da ta ba su ikon kafawa: mai ajiya ba zai ɗauki dalarsa yadda ya ga dama ba, sai abin da banki ya yanka masa. Dokar ta watan Yuli ma an ɗaure mata ƙafa, don an rubuta a cikinta cewa ba za ta fara aiki ba sai an yi wata dokar da za ta faɗi wanda zai ɗauki asarar, wadda gwamnati da kanta ta ƙiyasta ta haura dala biliyan 70.

A tsawon waɗannan shekaru mutanen Labanan sun zagi manajojin banki, sun farfasa na'urorin cirar kuɗi, sun ƙone ƙofofin wasu rassa. Amma fushin da ya fi daɗewa a zukatansu na majalisa ne. Sun saba ganin hoto iri ɗaya a talabijin: zaure mai kujera 128, ana buɗe zama, a yi ta musu kan tsarin zaman, can sai a ga 'yan majalisa suna ficewa rukuni-rukuni, shugaban majalisa ya buga guduma ya ce adadi bai cika ba. Da yawa sun kira abin lalaci ko rashin kishin ƙasa. Wanda ya bi ranakun da adadin ya cika da ranakun da bai cika ba zai ga akwai lissafi a ciki.

Sai an fara da yadda kuɗin suka ɓace. Tun 1997 babban bankin Labanan ya tsayar da farashin dala a kan lira 1,507.5. Don ya riƙe wannan farashi yana buƙatar dala ta riƙa shigowa ba yankewa, sai ya riƙa karɓar dalar bankunan kasuwanci yana ba su ruwa mai tsoka, su kuma bankunan suna jawo masu ajiya da ruwan da ba a samun irinsa a wani wuri. 'Yan Labanan mazauna waje, har da waɗanda Hausawa ke kira Kwarori a Kano da 'yan'uwansu na Abijan da Dakar da Akara, suna cikin waɗanda suka daɗe suna kallon bankunan Bairut a matsayin rumbun da gara ba ta ci. Kuɗin da suka shiga babban banki suka tafi wajen biyan bashin gwamnati da kare darajar lira. Da shigowar sabuwar dala ta ja baya, sai aka ga rumbun wayam. A watan Maris na 2020 gwamnatin firaminista Hassan Diab ta sanar da cewa ba za ta iya biyan bashin dala biliyan 1.2 da wa'adinsa ya cika ba, karo na farko a tarihin ƙasar. Lira ta yi ta zubewa har ta rasa sama da kashi 98 cikin 100 na darajarta.

Idan ƙasa ta shiga irin wannan hali, abu na farko da ake jira daga majalisa shi ne dokar taƙaita fitar da kuɗi, wadda za ta shafi kowa daidai wa daida, minista da direban tasi. Saifurus ta yi haka a watan Maris na 2013. Majalisarta ta ƙi amincewa da shirin yankar wani kaso daga ajiyar kowa da kowa ranar 19 ga wata, babu ko mutum ɗaya da ya jefa ƙuri'ar goyon baya, sannan bayan kwana uku ta zartar da dokar taƙaita fitar da kuɗi. Masu manyan ajiya sun yi asara sosai a can, amma kowa ya san matsayinsa cikin 'yan makonni. A Labanan daftarin irin wannan doka ya yi ta yawo tsakanin gwamnati da kwamitocin majalisa shekara da shekaru. Ya kai ga jadawalin zaman majalisa a watan Agustan 2023, ranar zaman adadi bai cika ba.

Rashin dokar yana da waɗanda ya yi wa rana. Tunda ƙa'idar ta banki ce, banki ne ke da ikon sassauta ta ga wanda ya so. Alain Bifani, wanda ya shafe shekara 20 yana babban daraktan ma'aikatar kuɗi kafin ya yi murabus a watan Yunin 2020, ya ce an fitar da kusan dala biliyan 6 daga ƙasar bayan an riga an hana talaka taɓa tasa. Shi kuwa ƙaramin mai ajiya, sanarwar babban banki mai lamba 151 ta ba shi damar cirar dalarsa a lira, a farashin 3,900, daga baya 8,000, sannan 15,000, alhali a kasuwa dalar ta ninka hakan sau da yawa. Mai bukatar kuɗin magani ko na makarantar yara ba shi da zaɓi, dole ya karɓa. Kowace dala da ya cira a haka, banki ya rage bashin da ke kansa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da haka aka yi ta raba asarar a kan kanta, wata bayan wata, ba tare da ɗan majalisa ko ɗaya ya ɗaga hannu an rubuta sunansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Lokacin da majalisar ta motsa da gaske kuwa, gefen bankuna ta motsa. A ƙarshen watan Afrilun 2020 gwamnatin Diab ta fito da shirin farfaɗo da tattalin arziki wanda ya bayyana girman asarar, ya kuma nemi masu hannun jari a bankuna su fara ɗaukarta. Kwamitin kuɗi na majalisa, ƙarƙashin Ibrahim Kanaan, ya kafa nasa binciken ya fito da adadin da ya yi ƙasa da na gwamnati nesa ba kusa ba, irin wanda bankuna da babban banki ke so. Asusun lamuni na duniya, IMF ko FMI, ya nuna lissafin gwamnati ne ya fi kusa da gaskiya, amma ƙasar da ta je wurin tattaunawa da lissafi biyu ba ta da abin cewa. Tattaunawar ta tsaya. A nan yana da kyau a tuna binciken da masanin tattalin arziki Jad Chaaban na Jami'ar Amurka da ke Bairut ya wallafa tun 2016, inda ya gano 18 daga cikin manyan bankuna 20 na ƙasar suna da masu hannun jari da ke da alaƙa da manyan 'yan siyasa.

Batun zaɓen shugaban ƙasa ne ya fi fito da dabarar fili. Wa'adin Michel Aoun ya ƙare ranar 31 ga Oktoban 2022, kuma majalisa ce ke zaɓen magaji. A zagayen farko ana buƙatar ƙuri'a 86, wato kashi biyu cikin uku. A zagaye na biyu 65 sun isa. Sai dai fassarar da shugaban majalisa Nabih Berri ke aiki da ita ta ce ko a zagaye na biyu dole mutum 86 su kasance cikin zaure. Ke nan mutum 43 suka tashi, zama ya watse. Haka aka yi ta yi a kusan duk zama 12 da aka kira: a jefa ƙuri'ar zagayen farko, da yawa takarda fara, wani lokaci a karanto sunan Nelson Mandela a yi dariya, sannan 'yan majalisar Hizbullah da Amal da abokan tafiyarsu su fice kafin zagaye na biyu. A zama na 12, ranar 14 ga Yunin 2023, Jihad Azour ya samu 59, Sleiman Frangieh ya samu 51, aka sake ficewa. Daga nan Berri bai ƙara kiran zaman zaɓe ba sai bayan kusan wata 19.

Ɗaya ɓangaren ma makaminsa ke nan. Manyan jam'iyyun Kirista da wasu 'yan adawa sun tsaya a kan cewa muddin babu shugaban ƙasa, tsarin mulki ya mayar da majalisa wurin zaɓe kawai, ba ta da hurumin yin doka, don haka suka riƙa ƙaurace wa zaman yin dokoki. Waɗancan sun hana zaɓe, waɗannan sun hana doka, kowa da ayar tsarin mulki a hannunsa. Amma a watan Afrilun 2023 adadi ya cika aka ɗage zaɓen ƙananan hukumomi. A Disamban shekarar ya cika aka tsawaita wa'adin babban hafsan soja. A Afrilun 2024 ya sake cika aka sake ɗage zaɓen ƙananan hukumomin. Wata majalisar baya ma sau uku ta ƙara wa kanta wa'adi, a 2013 da 2014 da 2017, ba a ji ƙarancin mahalarta ba.

Berri, wanda aka haifa a 1938, yana kan kujerar shugabancin majalisar tun 1992. Shi ke kiran zama, shi ke tsara abin da za a tattauna, shi ke bayyana cewa doka ta wuce. Magoya bayansa na cewa a ƙasar da aka raba muƙamai tsakanin ɗarikun addini, dole a samu dattijon da zai hana a kai ruwa rana. Masu suka na cewa wannan dattaku ne ya mayar da zauren wurin sa hannu a kan abin da shugabanni biyar ko shida suka riga suka gama a falo. A watan Maris na 2023 an ga bidiyonsa shi da firaminista Najib Mikati suna yanke shawarar ɗage sauya agogon ƙasar saboda azumi, su biyu kawai, har Labanan ta yi kwanaki da lokaci iri biyu. Mutane sun yi ta ba'a, amma sun fahimci saƙon: idan manya sun so, magana ba ta ɗaukar minti biyar.

Zaɓen Mayun 2022 ya kawo 'yan majalisa 13 daga cikin masu zanga-zangar 2019, amma bai hana Berri komawa kujerarsa da ƙuri'a 65 ba. Biyu daga cikin sabbin, Melhem Khalaf da Najat Saliba, sun fara kwana a zauren majalisa daga watan Janairun 2023, da hasken wayar salula idan an ɗauke wuta, suna neman a ci gaba da zama har a samu shugaban ƙasa. Wata kuma, Cynthia Zarazir, sai da ta yi zaman dirshan a reshen bankinta a watan Oktoban 2022 kafin aka ba ta dala 8,500 daga ajiyarta don aikin tiyata. Wannan ya zo ne makonni kaɗan bayan wata matashiya ta shiga wani banki a Bairut da bindigar wasan yara ta karɓi kusan dala 13,000 na iyalinta don jinyar 'yar'uwarta mai ciwon daji. Jama'a suka yi mata tafi, kuma bayan kwana biyu wasu suka kwaikwaye ta a rassa da dama a rana ɗaya.

Mai karatu a Yamai ko Garwa ko zangon Kumasi yana da dalilin tambayar nawa doka ta lamunce masa idan bankinsa ya durƙushe. A ƙasashen UEMOA asusun lamunin ajiya yana biyan har sefa miliyan 1.4 ga mai ajiya a banki, da sefa 300,000 ga mai ajiya a ƙananan cibiyoyin kuɗi. A yankin CEMAC sefa miliyan 5 ne. Abin da ya haura haka ya dogara ga abin da aka samu bayan sayar da kadarorin bankin, ko ga shawarar 'yan siyasa. Ghana ta ga haka tsakanin 2017 da 2019, lokacin da aka soke lasisin UT Bank da Capital Bank, aka haɗe wasu bankuna biyar wuri guda, aka rufe ƙananan cibiyoyin bashi 347. Gwamnati ta ɗauki nauyin da ya haura sidi biliyan 20, masu ajiya a manyan bankuna suka tsira, amma masu ajiya a ƙananan cibiyoyin, inda 'yan kasuwa da mata masu ƙananan sana'o'i suka fi yawa, sun daɗe suna jira.

A Labanan abubuwa sun fara motsi ne bayan yaƙin Isra'ila da Hizbullah ya sauya ƙarfin ɓangarori, ƙasashen waje kuma suka ɗaura tallafin sake gina ƙasa a kan gyara. Ranar 9 ga Janairun 2025 aka zaɓi Joseph Aoun da ƙuri'a 99, a cikin zauren da mutanen da suka yi shekara biyu suna cewa abin ba zai yiwu ba. Nawaf Salam ya kafa gwamnati a watan Fabrairu. A Afrilu majalisa ta sassauta dokar sirrin banki ta 1956, abin da IMF ke nema tun yarjejeniyar farko ta dala biliyan 3 da aka cimma a Afrilun 2022. Riad Salameh, wanda ya riƙe babban banki daga 1993 zuwa 2023, an kama shi a Satumban 2024 bisa zargin almundahana, zargin da yake musantawa.

Abin da ya rage shi ne mai wuyar: a rubuta a doka nawa gwamnati za ta ɗauka, nawa babban banki, nawa masu bankuna, nawa masu ajiya. Bankuna na cewa gwamnati ce ta ci bashin, ita za ta biya, ko da za ta jinginar da kadarorin ƙasa. Masu adawa da haka na cewa kadarorin na kowa ne, har da talakan da bai taɓa buɗe asusu ba. A tsakiyar wannan musu akwai zinariyar babban banki, kimanin tan 286, wadda wata doka ta 1986 ta hana a taɓa ko a sayar sai da amincewar majalisa.