DAGA BAKIN FAGE: Ɗan kokowar da ya sha ƙwaya, a ɗaga masa hannu?

 

Wannan wata zancenmu na kokowa ne, amma ba labarin wanda ya kada wani ba. Wata gardama ce ta taso a wani ƙauye cikin ƙasar Korahane, kusa da garinmu, har samarin wurin suka aiko mini suka ce in faɗi ra'ayina a jarida. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba zan faɗi sunan yaron ba. Uwayensa mutanen kirki ne, kunyar da suka sha ta isa.

Ga yadda abin yake. Kowace shekara, in an gama ɗaurin damma an zuba rumbu, samarin ƙauyen sukan haɗa kuɗi su sayi rago. A yi ƴan kwanaki ana kokowa a dandali. Daren ƙarshe sai a kira sunayen ƴan kokowa ɗaya bayan ɗaya, jama'a su ɗaga hannu, a ƙirga. Wanda ya fi samun hannuwa shi ke tafiya da ragon. Ba lalle sai wanda ya fi yawan kaye ba, wanda ya fi shiga ran mutane ne.

Bana wani yaro ya fito da ƙarfi, duk wanda ya shigo masa sai ƙasa. Makaɗa suka koma kansa, ƴan mata suka koma kansa. Daren da ya rage ɗaya a gama, yana fitowa daga fage sai ya yanke jiki ya faɗi, yana shure-shure, kumfa na fita a baki. Wasu suka ce jifa ce, wasu suka ce iska. Aka ɗora shi a amalanke zuwa gidan likita. Can aka tarar da ƙwayar tramol cikin aljihun wandonsa. Da ya farfaɗo ya amsa da bakinsa, ya ce tun daren farko yake sha. Maigari da dattawa da shugaban samari suka zauna, suka yanke cewa ba zai ƙara shiga fage ba sai kakar baɗi ta zo.

To, a nan gardama ta tashi. Ba a yi zaɓe ba, ragon na nan ɗaure gidan shugaban samari yana cin harawa. Abokan yaron suka ce: "An hana shi kokowa, mun yarda. Amma ba a hana mu ɗaga masa hannu ba. Kuɗinmu ne, hannuwanmu ne." Kuma in an ƙirga yau, kowa ya san su ke da rinjaye.

Kada ku ɗauka a ƙauyenmu kaɗai aka taɓa wannan gardama. Can Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata kulki ya sheƙa da gudu. Yadda muke son kokowa, haka suke sonsa. Kowace shekara a tsakiyar lokacin wasa sukan yi wani babban wasa na gwanaye, kuma ƴan kallo ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi yawancin waɗanda za su fara shiga fili. A watan Mayu na 2009 aka dakatar da wani gwani mai suna Manny Ramirez, na ƙungiyar birnin Los Anjeles, wasa 50 cikin 162 da ake yi a shekara, don an same shi da maganin da aka hana. Yana zaune gida, masoyansa suna ta zuba masa ƙuri'a. Ba wata doka a lokacin da ta hana a zaɓe shi. Shugabannin wasan suka rasa ta cewa. Allah ya taimake su ƙuri'unsa ba su kai ba. Sai a 2012 suka rubuta doka: wanda aka dakatar saboda ƙwaya kafin wasan gwanaye, ba ya cikin zaɓen wannan shekara.

Ni ma nan na tsaya, kuma ga dalilina.

Hannun da mutum ke ɗagawa a dandali so yake aunawa. Ba ya auna gaskiya. Uwa za ta ɗaga wa ɗanta hannu ko me ya sha, aboki ma haka, kuma ban ga laifinsu ba. Saboda haka ba a ɗora wa mai so nauyin hukunci. Nauyin yana kan waɗanda ke riƙe da fage, su ne za su ce wane yana cikin zaɓe, wane ba ya ciki. In dattawa sun hana yaro shiga fage amma suka bari aka kira sunansa wajen rago, to hukuncinsu ya zama wasan yara.

Abokansa sun ce kuɗinsu ne. Gaskiya ne, amma ba nasu kaɗai ba. Cikin kuɗin ragon akwai dalar yaron da aka kada a daren farko, wanda bai sha komi ba sai furar gidansu. Ya yi noma damina guda, ya shiga fage da ƙarfin da Allah ya ba shi, aka buga shi da ƙasa gaban yarinyar da yake nema. Shi wa zai ɗaga masa hannu? Tun da aka fara gardamar nan ban ji wanda ya ambace shi ba. Kowa na tausayin wanda ya faɗi da kumfa a baki, an manta da waɗanda suka faɗi ƙarƙashinsa.

Sa'an nan ga ƙananan yara da ke zaune gaba-gaba a bakin fage, masu shekara goma, sha biyu. Su ba su jin wa'azi, lissafi suke yi. In suka ga wanda ya sha ƙwaya ya ja rago zuwa gida, sun gane farashin rago: ƴan daloli wajen mai tallan magani ranar kasuwa.

Wani saurayi ya tare ni da wata magana wadda ta fi sauran nauyi. Ya ce: "Malam, to layu fa? Wane ɗan kokowa ne ba ya ɗaura guru da kambu, ba ya shan rubutu? Shi ma ai neman ƙarin ƙarfi ne." Na daɗe ina juya wannan tambaya. Abin da na gani shi ne, laya a fili take. Kowa na ganinta a damtse da ƙugu, abokin karawa ma yana da tasa, kuma tun kakanni fage ya yarda da ita. Ko a kokowar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975 zamanin shugaba Seyni Kunce, inda Yakuba Kantu na jiharmu ta Maraɗi ya ɗauki takobin farko, ƴan kokowa da layunsu suke shiga. Zancen ko laya ta halatta, wannan na malamai ne, ba nawa ba. Amma ban taɓa ganin an kai mutum likita a amalanke don ya ɗaura kambu ba. Ita ƙwaya a ɓoye ake shanta, kuma ɓoyon nan shi ne shaidar mai shan ya san ba daidai yake yi ba.

Bari in ɗan tsaya kan tramol ɗin kanta, don da yawa ba su san abin da suke haɗiya ba. Sunanta na likita tramadol. Maganin ciwo mai tsanani ne, irin na wanda aka yi wa aiki ko ya karye. Likita kan ba da mai lamba 50 ko 100, da awo, na ƴan kwanaki. Wadda ke yawo a kasuwanninmu ta ɓarauniyar hanya takan kai 200 ko 225 a ƙwaya guda. Ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi ko kaɗan. Abin da take yi shi ne ta toshe bakin jiki, ya kasa gaya maka ya gaji ko ya ji rauni. Sai mutum ya ci gaba da kokowa da targaɗe bai sani ba. In ta yi yawa takan kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, kamar yadda ya faru da yaronmu, takan kuma danne numfashi har a rasa rai. Wanda ya saba da ita kuwa, ranar da bai samu ba ko hauya ba ya iya ɗagawa. Hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni, wadda aka kafa a 1999, ta sa tramadol cikin abubuwan da aka hana lokacin gasa tun ranar 1 ga Janairu 2024. Ke nan dattawan ƙauyen ba su ƙago sabon abu ba.

To, amma akwai inda na rabu da wasu dattawan. Wasu cikinsu sun ce a soke sunan yaron har abada, ko ya dawo fage kada a ƙara kiransa wajen rago. Wannan ban yarda da shi ba. Hukunci yana da iyaka. In aka ce shekara guda, to shekara guda ce, ranar da ta cika ya zama kamar kowa. In ba haka ba me zai sa ya daina sha? Kun rufe masa ƙofar dawowa, kun bar masa ta mai tallan magani a buɗe.

Maƙwabtanmu na Najeriya suna da labarin Chioma Ajunwa. A 1992 aka dakatar da ita shekara huɗu bayan gwaji, ko da yake ita ta dage ba ta sha komi da saninta ba. Ta zauna ta cika wa'adinta. A 1996 ta je wasannin Olimfik na Atlanta, ta yi tsallen mita 7 da santimita 12, ta ɗauki zinariya. Da an ce har abada, da wannan zinariya ba ta zo Afirka ta Yamma ba. A besbol ɗin ma haka suke yi. Nelson Cruz an dakatar da shi wasa 50 a 2013. Ya cika, ya dawo, a 2014 ƴan kallo suka zaɓe shi cikin gwanaye, ba wanda ya hana.

Akwai kuma kuskuren da nake jin tsoron a yi a ƙauyen, wato a bari a ƙirga hannuwa tukuna, in yaron ya ci sa'an nan a ce ba a yarda ba. Masu sauraron ƙwallo a rediyo sun san Maradona na Ajantina. An dakatar da shi wata 15 a 1991, aka sake korarsa daga gasar kofin duniya ta 1994 a Amurka, bayan wasansu da Najeriya, saboda wani magani da ake kira efedirin. A shekara ta 2000 hukumar FIFA ta ce jama'a su zaɓi gwanin ƙarni ta intanet. Maradona ya kwashe fiye da rabin ƙuri'u. Sai hukumar ta raba kyautar biyu, ta ba Pele na Barazil ɗaya ta hannun wani kwamiti, ta ba Maradona ta jama'a. Har yau ana yi musu dariya. Mutumin ya riga ya cika hukuncinsa da daɗewa, an sa sunansa, an tambayi mutane, sun amsa. In ba ka son amsa kada ka yi tambaya. Abin da za a hana, a hana shi kafin a buga gangar farko, mai shela ya zaga gari ya faɗa kowa ya ji.

Abu guda ya rage, kuma ina roƙon dattawa su kula da shi. Mu nan ba mu da ɗakin gwajin fitsari ko jini. Wannan yaro an kama ƙwaya a aljihunsa, ya kuma amsa. Gobe wani zai zo ya ce wane ma yana sha, na ga idonsa ya yi ja. Jan ido ba shaida ba ne, mai sussuka ma idonsa ja ne. In aka fara hana mutane zaɓe da jita-jita, duk wanda aka kada zai rama da baki. Sai an ga ƙwaya a hannu gaban shaidu, ko mutum ya amsa da kansa. Abokan yaron sun ce ba shi kaɗai ke sha ba, shi ne dai ya faɗi. Mai yiwuwa gaskiyarsu. Amma ɓarawon da ba a kama ba bai taɓa wanke wanda aka kama ba.

Shi kuwa yaron, in wani ya karanta masa wannan jarida, ga wani labari dominsa. A watan Yuli na 2012 ƴan kallo suka zaɓi Melky Cabrera na ƙungiyar San Faransisko cikin gwanayen besbol, har aka ba shi kyautar wanda ya fi kowa a wasan ranar. Wata guda bayan haka gwaji ya tona shi, aka dakatar da shi wasa 50. A lokacin yana cikin na gaba-gaba wajen iya bugu, kuma bisa lissafi kambin shekara zai iya faɗowa hannunsa yana zaune gida. Sai shi da kansa ya nemi a cire sunansa, aka cire. Ɗana, kai ma kana iya zuwa wajen shugaban samari, kai da mahaifinka, ka ce a cire sunanka bana. Abokanka ba za su ja da maganar da ta fito daga bakinka ba, dattawa kuma ba sai sun yi faɗa da ƴaƴansu ba.

In bai yi haka ba, to maigari ya sa a yi shela, a kira sauran sunaye ban da nasa, a ƙirga hannuwa a ba mai rabo. A yi shi da wuri kuma, don shugaban samari ya gaya mini harawar da ya ajiye wa awakinsa ragon ya kusa cinye rabinta.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.