ZAUREN 'YAN MATA: Asu, Ɓarawon Da Ke Kwana A Banɗaki

Yau ba maganar kwalliya zan yi ba, maganar wani ɗan mitsitsin ƙwaro ce, wanda in an yi sake sai ya sa amarya kuka.

Na san wata ta taɓa kunna fitila da dare a banɗaki ta ga wani abu ya yi wuf ya shige tsagar bango. Siriri ne mai sheƙin azurfa kamar ɗan kifi, tsawonsa bai kai santimita 2 ba, ba shi da fiffike, da gashi biyu a ka, uku a wutsiya. To shi ne asu. Ba ya cizo, ba ya sa cuta, amma fa ɓarnarsa a dukiya take.

Abincinsa sitati ne da takarda da gam ɗin littafi, har gashin da kika taje ya zuba da amosanin kai. Da rana ya laɓe a banɗaki saboda laima, dare na yi ya lallaɓo ɗaki. Shaddar da aka sa wa sitati aka ninke a ƙasan akwati, hotunan biki, littattafanki, kai har takardar shaidar gama makaranta, duk ba ya raga musu. Sai ranar da za ki fita kunya ki ɗauko, ki tarar da ƙananan huji da tabo rawaya-rawaya. Wayyo!

Wasu da sun gan shi sai fesa magani. Ni dai shawarata, a fara da tushe, wato danshi. Asu yana iya yin watanni bai ci komai ba, amma busasshen wuri ba ya zaunuwa gare shi. Don haka:

1. Kin gama wanka, ki sa tsintsiya ki kore ruwan tas, ki bar taga a buɗe iska ta shiga.
2. Kada ki bar jiƙaƙƙen tawul ko zane ko soso a jibge. A kai su igiya su sha rana.
3. Famfo mai yoyo a yi wa Baba ko maigida magana a kira mai gyara. Tsagar bango da ta ƙasa a liƙe da siminti, don nan yake zuba ƙwai.
4. Ki tsince gashi daga bakin magudana, ki kwashe kwali da tsofaffin jaridu daga lungu.

In ya riga ya shigo, ga tarko mai sauƙi. Ki samu kwalba mai faɗin baki, ki naɗe bayanta da ƙyalle, ki jefa gutsuren burodi ciki, ki ajiye a lungu da dare. Zai bi ƙyallen ya hau ya faɗa, santsin gilashi ya hana shi fitowa. Da safe ki sheƙa masa tafasasshen ruwa.

Kayan akwati kuwa, musamman a watan Agusta da ruwa ke yawa, duk ranar da rana ta buɗe ki fito da su ki shanya, ki kakkaɓe. Akwatin kada ya jingina da bangon banɗaki, a ɗora shi kan katako. Kayan da za su daɗe a ajiye, a bar sitatin sai za a sa su. Takardu masu muhimmanci a sa su a roba mai murfi.

Sai gargaɗi kan ƙwayar kafur da ake jefawa cikin kaya. Kada ta kusanci kayan jariri, don tana iya fasa jinin wasu jarirai ta jawo shawara, yaro kuma yakan ɗauka alewa ce ya haɗiye. Maganin ƙwari na ɗurin kwalba da ake talla a titi ma ku yi nesa da shi.

'Yan uwa, tsaftar mace ba a falo ake gane ta ba, a banɗaki ne. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku