A Tanis, Jiki Ne Ke Ɗauke Da Zuciya

Akwai wata magana da masu sharhin ƙwallon tanis suka maimaita har ta zama kamar karatu: wai wasan nan kusan duka a ƙwaƙwalwa yake. Wanda ya yi nasara a ce yana da zuciya, wanda ya faɗi a ce ya karaya. Ban yarda da wannan magana ba, kuma ina ganin ta zalunci 'yan wasa da yawa.

A dubi Novak Djokovic, wanda shi ake fara kawowa hujja duk lokacin da aka tashi yabon ƙarfin zuciya. A 2009 ya je gasar Ostireliya yana riƙe da kambu, zafi ya galabaitar da shi a karawarsa da Andy Roddick, ya janye ana tsakiyar wasa. A 2010, a gasar dai, ya bar fili ya je ya yi amai yayin da yake fafatawa da Jo-Wilfried Tsonga, ya dawo ya sha kaye. A waɗancan shekarun ba abin da ba a kira shi ba, daga rago har mai ciwon ƙarya. To me ya sauya? Ya daina cin alkama da dangoginta, ya rage nauyi, numfashinsa ya daidaita. Da 2011 ta kama, ya ci wasa 41 a jere, ya ɗauki uku daga cikin manyan kofuna huɗu na shekarar. Mutumin da aka ce ba shi da zuciya shi ne dai aka koma ana kira mai zuciyar ƙarfe, alhali cikinsa da huhunsa aka gyara.

A Janairun 2012 shi da Rafael Nadal suka yi awa 5 da minti 53 a wasan ƙarshe na Ostireliya. Da aka zo jawabin ba da kofi, tsayuwa ta gagare su, sai da aka kawo musu kujeru. Duk wanda ya kalli turmi na biyar na wasan ya san ba a kai can da niyya kaɗai. Dabara tana bukatar ƙafar da za ta kai mutum wurin ƙwallo a kan lokaci, kuma wanda numfashi ya ƙare masa ba ya iya zaɓar bugun da ya dace cikin daƙiƙa 25 da ake bayarwa tsakanin maki da maki. Abin da 'yan kallo ke gani su ce ruɗewa ce, sau da yawa gajiya ce ta hau kai.

John Isner ya doke Nicolas Mahut a Wimbledon a 2010 bayan awa 11 da minti 5, turmin ƙarshe 70 da 68. Washegari aka fitar da Isner cikin minti 74. Zuciyar tana nan inda take; ƙafafu ne suka ƙi.

Za a kawo mini Carlos Alcaraz, kuma hujja ce mai nauyi. A 2023, a wasan kusa da na ƙarshe a gasar Faransa, jijiyoyinsa suka ɗaure a farkon turmi na uku, shi da bakinsa ya ce fargabar karawa da Djokovic ce ta jawo. Na yarda fargaba tana kayar da mutum. Amma ta ina ta kayar da shi? Ta tsoka. Ya ƙona ƙarfinsa a turmi biyun farko, jiki ya ce ya isa. Wannan ya nuna ba a raba su biyun, balle a ba ɗaya kashi 90 a bar wa ɗayan ragowa.

Inda maganar ta fi yi mini ciwo shi ne abin da take koya wa yara: cewa ciwo jarrabawar jarumta ce, a cije a ci gaba. Juan Martin del Potro ya ci gasar Amurka a 2009, wuyan hannu da gwiwa suka cinye masa shekarun ganiyarsa. Dominic Thiem ya ci gasar a 2020, wuyan hannunsa ya samu rauni a 2021, ya ajiye raket a 2024 yana da shekara 31. Andy Murray ya kai na ɗaya a duniya a 2016, ƙugu ya durƙusar da shi har aka sa masa ƙarfe a 2019. Wa zai dubi mutanen nan ya ce zuciya suka rasa?

Don haka ina kira ga masu horar da yara, har da masu shirya su don gasar Dala Hard Court a Kano: idan yaro ya sare a turmin ƙarshe, kafin ku ce masa rago, ku tambayi abin da ya ci, ruwan da ya sha, barcin da ya samu, da inda ke masa ciwo.